Shagon da ya cike min fom ɗin bizar Amurka: saura ƙiris su ja min haramcin shiga ƙasar

Tauraro biyu cikin biyar na ba su, shi ma na biyun don albarkacin hoton fasfo ne.

Maigidana ya shigar min da takardar I-130, wato ta neman a ba ni izinin bin sa, daga can Amurka, aka amince, fayil ya koma NVC, cibiyar da ke tattara takardun biza kafin intabiyu, a 2023, suka turo lambar kes da lambar biyan kuɗi. Shi ya biya dala 325 na biza da 120 na duba takardar ɗaukar nauyi, ya ce saura ni in cike DS-260, wato fom ɗin neman bizar a intanet, in ɗora takarduna. Ni kuwa Turancina na sakandare ne, ga tsoron in taɓa wani abu ya lalace. Sai wata ƙawata ta nuna min shagon nan da kowa ya sani a unguwarmu nan Kano, wanda rabin masu neman Umara da karatun waje ke bi ta hannunsa.

Ranar farko kam ba ni da abin cewa. Hoton da na kai mai shagon ya ce ba zai shiga ba, na Amurka inci 2 ne tsawo da faɗi, bango fari, ba tabarau. Ya sa na gyara hijabina yadda goshi da haɓa za su fito, ya ɗauki sabo. Ya ga takardar haihuwata ta asibiti ce, ya ce in je Hukumar Ƙidaya in karɓo tasu. Ya kuma yi min rajistar takardar shaidar 'yan sanda. Na fito ina sa masa albarka.

Ranar cike fom ɗin ce maigidan shagon ba ya nan, sai yaronsa. Yana tambaya ina amsawa, yana latsa waya da ɗaya hannun. Duk gidan da na zauna tun ina shekara 16, sunayen iyayena, shafukana na Facebook da Instagram na shekara 5 baya, duk na faɗa. Da aka zo kan aure na ce masa wannan aurena na biyu ne, na farkon ya mutu tun 2016, ga ma takardar kotun shari'a da ta tabbatar da sakin. Ya karɓa ya ajiye gefen firinta, ya ce, “Anti ba damuwa.” Ya tura fom, ya miƙo min shafi ɗaya mai lambobi, wai shi kaɗai ake zuwa da shi intabiyu.

Bayan makonni maigida ya kira ni wajen ƙarfe 2 na dare, muryarsa a sama. NVC sun dawo da fayil, suna neman shaidar mutuwar auren farko, domin shi ya rubuta a I-130 cewa na taɓa aure, kwafin takardar ma ya haɗa. Ya shiga ya duba amsoshin da aka tura da sunana. Inda aka tambaya ko na taɓa yin wani aure, an sa a'a.

Wallahi ranar ban runtsa ba. Da gari ya waye na isa shagon ko karyawa ban yi ba. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba kuskuren yatsa ba ne. Yaron ya dube ni ya ce, “Hajiya ai taimakonki na yi, in suka ga bazawara ce tambayoyi suke yawaitawa.” Taimako! Fom ɗin da zan ɗaga hannu a gaban jami'i a Legas in rantse cewa duk abin da ke ciki gaskiya ne. A dokarsu, wanda aka kama ya ɓoye muhimmin abu da gangan don samun biza, haramcin na har abada ne. Kuma ba sunan yaron ke kan fom ɗin ba, nawa ne. Ga shi da zarar an danna turawa fom ya kulle, sai an roƙi NVC sun sake buɗe shi.

Zan yi wa mai shagon adalci. Da ya ji, bai tsaya kare yaronsa ba, ya yi masa tas a gabana, ya ce, “Hajiya ki yi haƙuri, laifina ne da na bar masa.” Shi ya rubuta musu saƙon neman buɗewa, da suka buɗe ya zaunar da ni kusa da shi, yana karanta kowace tambaya yana fassara min da Hausa kafin ya sa amsa. A nan ma muka gano an bar sunan mahaifina da nake amfani da shi kafin aure, alhali akwai gurbin tsofaffin sunaye. Bai karɓi ko sisi a kan gyaran ba. Har na fara cewa a raina, to, ɗan Adam ajizi ne.

Sai dai da na tuna watannin da abin ya ci, raina ya sake ɓaci. Fayil ya koma bayan layi, na yi azumi da sallar da muka sa ran yi tare ni kaɗai a gidanmu, 'yan uwa na ta tambayar ko an fasa ne. Sannan da lokacin gwajin lafiya ya zo, na nemi lambobin fayil ɗina da mai shagon ya rubuta a wani littafinsa, sai ga littafin a buɗe kan tebur, lambobin mutane birjik, duk wanda ya shigo yin fotokwafi zai iya karantawa.

A ofishin jakadancin Amurka da ke titin Walter Carrington a Legas, jami'ar ta karɓi ainihin takardar auren da ta sakin, ta tambaye ni shekarar da muka rabu da na farkon, na faɗa, ta wuce zuwa wata tambayar. Abin da yaron ya ɓoye ke nan, ko minti ɗaya bai ci ba.

Hoto da sikanin, ku je, sun iya. Fom kuwa, in dole sai su, kada ku tashi daga kujerar sai mai shagon da kansa ya karanto muku amsoshin ɗaya bayan ɗaya, kuma ku ce a buga muku dukkan shafukan, ba wannan guda ɗaya ba. Ƙanwata da ke shirin nata, na ce ta jira mijinta su cike tare ta waya.