Mako guda a Alƙahira ta hannun kamfanin tafiye-tafiye na Kaduna: a gyara jadawali kafin a biya kuɗi

Wasu kamfanonin tafiye-tafiye a Kaduna, waɗanda aka fi sani da aikin Umara, suna sayar da shirin yawon buɗe ido na mako guda zuwa Alƙahira: tikitin jirgi, biza, otal da karin kumallo, mota da ɗan jagora. Mun bi irin wannan shiri ta hannun ɗaya daga cikinsu. Ta fuskar birnin kansa, kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Matsalar tana cikin jadawalin, domin ba don Bahaushe aka tsara shi ba. Kamfanin gida ya sayi shirin ne a dunƙule daga wani wakili a Masar, shi kuwa wakilin Turawa ya saba yi wa hidima. Wanda bai sa an gyara masa jadawali ba zai dawo da hotunan raƙumi da kwalaben turare, bai ga rabin abin da ya kai shi ba.

Wajen takardu kamfanin ya yi ƙoƙari. Ana neman biza a ofishin jakadancin Masar da ke Abuja kafin a tashi, kuma su suka bi ta. Fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata 6. Katin rigakafin shawara dole ne, kuma sai allurar ta kwana 10 katin yake fara aiki, don haka ba ranar jajibirin tafiya ake neman sa ba. Daga Kaduna babu jirgin Alƙahira kai tsaye. EgyptAir na tashi daga Kano da Abuja, awa huɗu zuwa biyar a sama. Kuɗin zuwa Kano ko Abuja ba ya cikin shirin. Mai bin jirgin ƙasa daga Rigasa ya tafi kwana guda kafin ranar tashi, ya kwana a Abuja. Agogon Masar yana gaba da namu da awa ɗaya a lokacin sanyi, awa biyu a lokacin zafi.

Abin da ba a faɗa wa matafiyi a ofis ba shi ne maganar kati. Manyan wuraren tarihi, irin su Giza mai dalolin Fir'aunoni da gidan tarihi na Tahrir da ƙal'ar Salahuddin, wato tsohon sansaninsa mai ganuwa a kan tudu, sun daina karɓar tsabar kuɗi a wurin sayen tikiti. Katin naira kuwa ba abin dogaro ba ne a waje. Ko dai mutum ya tafi da katin asusun dalar Amurka, ko ya tabbatar duk tikitin shiga suna cikin abin da ya biya, a rubuce, wuri-wuri. Kalmar “ziyara” a takardar kamfani wani lokaci tana nufin a tsayar da mota a bakin ƙofa ka ɗauki hoto. Tsabar kuɗin Masar kuma a riƙe ƙanana, saboda na goro ba ya ƙarewa: mai gadin takalma a masallaci, mai kula da banɗaki, mai ɗaukar jaka.

Otal ɗin yana Giza, a yammacin Nilu. Tsaf yake, kuma daga soro ana hango dalolin. Amma tsohon birni yana can gabashin kogi, kuma goslon Alƙahira na iya cinye awa guda zuwa, awa guda dawowa. Dare ɗaya ko biyu a Giza sun isa, sauran a nemi a koma kusa da dandalin Tahrir.

Giza ba ta buƙatar talla. Dalar Khufu ta kai kusan mita 146 lokacin da aka gina ta, shekara wajen 4,500 da suka wuce, yanzu tana wajen mita 138, kuma hoto ba ya nuna girman duwatsun. A isa da sassafe, kafin rana ta take. Shiga cikinta tikiti ne daban, kuma ba kowa za mu ba shawarar ya shiga ba: hanyar matsattsiya ce, ana hawa a sunkuye cikin zafi da ƙarancin iska, a ƙarshe a tarar da ɗaki da akwatin dutse, fanko. Mai ciwon gwiwa ko hawan jini ya haƙura. Masu raƙumi da doki sai an yi ciniki da su a fili: nawa, da kuɗin wace ƙasa, na minti nawa, kuma har da saukewa. A biya bayan an sauka. Abin da ya fi ɓata rai a wannan rana shi ne ɗan jagora, wanda yake gaggauta mutane a gaban Abul Haul, gunkin dutse mai jikin zaki da kan mutum, don ya kai su shagon turare da na fafirus, takardar Masarawan da, inda ake shafe fiye da awa. La'ada yake samu a kan duk abin da aka saya. A gaya masa tun a mota ba a buƙata.

Sai maganar gawar Fir'auna, wadda ita ce tambayar farko da za a yi wa duk wanda ya dawo Kaduna daga Masar. Jadawalin ya ce “gidan tarihi” kawai, alhali uku ne. Na Tahrir, wanda aka buɗe a 1902, nan gawarwakin suke a da. A watan Afrilun 2021 aka kwashe guda 22, sarakuna 18 da sarauniyoyi 4, zuwa gidan tarihin wayewar Masar da ke Fusɗaɗ. Can Ramsis na biyu da ɗansa Marnabta suke, su biyun da aka fi dangantawa da zamanin Annabi Musa (AS), ko da yake masana ba su haɗu a kan ɗaya ba, komai ƙarfin muryar ɗan jagora. Ba a ɗaukar hoto a zauren gawarwakin. Na uku shi ne sabon katafaren gidan tarihi da ke kusa da dalolin Giza, wanda aka yi bikin buɗe shi a Nuwamban 2025, kuma can kayan kabarin Fir'auna Tutankamun suka koma. Shi kaɗai yana cin rabin yini. In lokaci ya ƙure, a ɗauki na Fusɗaɗ da sabon, a bar na Tahrir.

Inda shirin ya fi gazawa shi ne tsohon birnin Musulunci. Rabin yini aka ba shi, mafi yawansa a kasuwar Khan Khalili. Wurin yana buƙatar yini biyu cur. Yini na farko a fara daga ƙofar ganuwa ta Babul Futuh, a bi titin Mu'izz a ƙasa zuwa ƙofar Zuwaila, tafiyar kilomita guda ce amma kowane taku da abin tsayawa, musamman ginin Sarki Ƙalawun na 1285 da ya haɗa makaranta da asibiti da kabari. A yi azahar a masallacin Azhar, wanda sarakunan Faɗimiyawa suka gina tsakanin 970 da 972, kuma a da yana da masauki na musamman ga ɗaliban Barno. Masallacin Sayyidina Husaini yana tsallaken titi. Yini na biyu a hau ƙal'ar Salahuddin, wadda aka fara ginawa a 1176, a ga masallacin Muhammad Ali da birnin baki ɗaya daga sama. A gangaro zuwa masallacin Sultan Hasan na ƙarni na 14, mai makarantu huɗu, kowace mazhaba da tata, har da Malikiyya. A ganinmu shi ya fi kowane gini kwarjini a birnin, kuma ba ya cikin jadawali ko kaɗan. Masallacin Ibn Ɗulun na 879, mai hasumiyar da matakalarta ke zagaye ta waje, ba shi da nisa, kuma ba cunkoso. Daga nan sai maƙabartar Ƙarafa, inda ƙubbar Imam Shafi'i take, wanda ya rasu a 204 bayan Hijira. Imam Suyuɗi ma, wanda ake karanta tafsirinsa a masallatanmu duk watan azumi, wanda kuma ya taɓa aika wa sarkin Katsina wasiƙa, a Alƙahira yake kwance. Masallacin Amr bin As, na farko a Masar, yana Fusɗaɗ, don haka a haɗa shi da ranar gawarwaki a huta da tafiya biyu.

Wannan ɓangare ba sai da motar kamfani ba. Uber yana aiki kuma yana raba mutum da cinikin tasi. Lambobin mota da adadin Larabci ake rubuta su, wanda ba zai dami duk wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya ba. Jirgin ƙarƙashin ƙasa yana da araha, da taragun mata zalla a tsakiya. Ranar Juma'a da safe tituna fayau suke, amma masallatan ba a shiga yawo sai an sauko.

Cin abincin dare a jirgin ruwa kan Nilu yana cikin shirin, sai dai ba a bayyana cewa akwai rawar mata da giya a ciki ba. Magidanci da iyalinsa zai sha kunya. A nemi a musanya shi da faluka, ƙaramin kwalekwale mai tanti, awa ɗaya kafin magariba, kuma ya fi sauƙin kuɗi.

Abinci ba shi da tsada. Koshari, wato shinkafa da taliya da adas, wani ƙaramin wake, da soyayyiyar albasa, yana riƙe ciki yini guda. Da safe ful da ta'amiyya, wato dafaffen wake da irin ƙosansu. Ba su cika sa barkono ba, a tafi da yaji. Ruwan roba kawai za a sha. Soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, cajar gida mai ƙafa uku ba ta shiga sai da adafta. Tramadol kuwa kada ya shiga jaka ko ƙwaya ɗaya, yana kai mutum gidan yari a Masar. Sauran magunguna a tafi da su cikin kwalinsu tare da takardar likita.

Lokacin da ya fi dacewa daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, amma dare na yin sanyi irin na tsakiyar hunturu, a sa rigar sanyi a jaka. Daga Maris zuwa Mayu akan yi iska mai zafi da ƙura, daga Yuni zuwa Agusta kuwa zafin filin Giza ya fi ƙarfin dattijo da ƙaramin yaro. Shirin rukuni yana tafiya ne da saurin mai ƙarfi, kuma ƙal'a da titin Mu'izz duk tafiyar ƙasa ce a kan duwatsu. Wanda zai tafi da iyaye ya ƙara kuɗi a ba su mota da ɗan jagora nasu daban, a kuma rubuta lokutan salla cikin jadawalin, don wakilin can bai sa su ba.