Shekara guda da kamfanin da ke ciyar da 'ya'yanmu a makaranta

Bara ne makarantar da 'ya'yana suke zuwa ta damƙa abincin rana a hannun wani kamfani, bisa alkawura biyu: zai riƙa sayen kayan girki daga manoman da ke kusa, kuma zai koya wa yara sanin abin da suke ci.

Alkawarin farko an cika shi, domin na gani da idona ranar da aka gayyaci iyaye ɗakin girki. Ganye da tumatir suna isowa da sassafe ba su yi yaushi ba, tun da ba su kwana a hanya ba, kuma akwai littafin da ake rubuta gonar da kowane kaya ya fito. Abin da ya fi burge ni shi ne jadawalin abincin yana sauyawa da lokacin shekara, abin da gona ta bayar shi ake ɗorawa a wuta, saboda haka yaran ba sa gundura. Sai dai da na tambayi kashi nawa na kuɗin cefane ke shiga hannun ƙananan manoma, ban sami amsa a rubuce ba. A Brazil, dokar shekarar 2009 ta wajabta a kashe aƙalla kashi 30 cikin ɗari na kuɗin da gwamnatin tarayya ke bayarwa don ciyar da ɗalibai wajen saye daga masu noman iyali, kuma irin wannan adadi ne ke ba iyaye damar bin diddigi.

A wajen koyarwa ne raina bai kwanta ba. An liƙa hotunan rukunan abinci a bango, ana yin lacca sau ɗaya a zango, shi ke nan. 'Yata ta haddace sunayen rukunan tsaf, amma ba ta taɓa ganin yadda wake ke tsirowa ba, alhali lambun makarantar yana kulle. A Japan, inda aka kafa dokar ilimin abinci a 2005, lokacin cin abincin rana darasi ne, ɗalibai ne ke raba wa junansu abinci su kuma share wurin. Wannan ba ya cin wani kuɗi mai yawa.

Zan goyi bayan a sabunta kwangilar, amma na riga na rubuta wa shugabar makarantar cewa a buɗe lambun, kuma a kai kowane aji gonar ɗaya daga cikin manoman kafin zango ya ƙare.