Gashin Goshi Ya Zube: Hutu Ko Dashe?

Idan matsattsen kitso, irin shuku ko ƙananan kalaba, ya cinye gashin gaban goshi, hanya biyu ce.

Ta farko, a tsefe, a bar kai ya huta. Likita kan ƙara da minoxidil, wani maganin tsiro da gashi na shafawa, amma sai an yi wata 3 zuwa 6 kafin a ga tsiro, kuma mai ciki ba ta shafa shi. Ni dai da tsefewar nake so iyaye mata su fara, tun ranar da yarinya ta kasa kwanciya don zafi, ƙuraje suka feso a bakin kitson.

Dashe kuwa na wadda wurin ya riga ya yi santsi ne, saiwar ta mutu. Daga ƙeya ake ciro gashin a dasa. Akwai tsada, kuma in aka koma matse kitso, shi ma zubewa zai yi.