Shagon maganin dabbobin da nake kai karnukana a Argungu

Shekara shida ke nan ina zuwa wani shagon maganin dabbobi a cikin garin Argungu. Mutane sun yi ta tambayata inda nake kai karnukana, shi ya sa na ga gara in rubuta abin da na gani a wurin, mai daɗi da marar daɗi.

Ni manomin shinkafa ne, gonata tana fadama, ba nisa da Matan Fada inda ake bikin kamun kifin nan da aka soma tun 1934. A ranin 2019 ɓarayi suka ɗauke mini injin ban ruwa har sau biyu. Dalilin da ya sa na karɓo ɗan kwikwiyo ke nan, ja mai farin ƙirji, na sa masa suna Sarkin Dare. Bai cika wata uku ba ya kama amai da gudawar jini, ko ruwa ya lasa sai ya dawo da shi. Na sa shi cikin kwali, na ɗaure a bayan babur, na nufi shagon ina tunanin ko za a ma saurare ni, don na san maganin shanu da tumaki da kaji aka fi saye a can.

Ɗaki ɗaya ne, da kantoci har sama, da benci a ƙofa. Mai shagon, wanda kowa ke kira Likita, bai yatsine fuska ba. Ya sa safar hannu, ya ɗaga fatar wuyan kwikwiyon ya sake ta, ya duba dasashinsa, ya ce, "Malam, wanga ciwo fabo muka ce mai. Babu allurar da ka kashe shi kai tsaye. Ruwa za mu yi ta sa mai, in da sauran kwana shi tashi." Wannan maganar ce ta fara sa na amince da shi, domin da ya ga dama ya haɗa mini magani kala biyar in biya in tafi. Kwana huɗu muna ƙarin ruwa safe da yamma. A rana ta biyar Sarkin Dare ya ci tuwo.

A kan bencin nan na haɗu da Baba, wani tsohon mafarauci daga wajen Gulma, riƙe da karnuka uku a igiya ɗaya, ya kawo su a ba su maganin tsutsar ciki kafin a shiga daji. Ya ga hannuna na rawa lokacin da ake neman jijiya, sai ya matso ya kama ƙafar kwikwiyon, ya ce, "Ɗana, kai riƙe mai kai ka yi mai magana. Muryar mai shi yaka so shi ji." Washegari ya dawo ba don komai ba sai don ya ga yadda muka kwana. Daga nan zumunci ya ƙullu. Ranar sunan ɗiyata shi ya fara isowa, tun kafin a raba goro. Da matarsa ta rasu na kwana uku a Gulma wurin zaman makoki. Duk kaka buhun shanshera ɗaya nasa ne, shi kuwa in sun dawo farauta ba ya rasa aiko mini da zomo ko gafiya. Na ukunmu wani malamin makaranta ne, Badakkare daga Zuru, Kirista, mai wata karya baƙa. Shi ma a bencin muka same shi, kuma yau in ɗayanmu ya yi tafiya, sauran ke duba masa karnuka.

Na san da yawa za su ce kare fa? Ni ma na sha jin haka, har da masu tofar da yawu in na wuce. Baba ne ke da amsar, kuma ba da faɗa yake ba da ita ba. Yakan ce aya ta 4 a Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo, kuma malamanmu na Malikiyya sun yarda da karen farauta da na kiwo da na gona. Sai ya kawo hadisin mutumin da ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Karnukanmu ba sa shiga ɗaki, suna da kwanonsu daban, amma dabbar da ke kwana a fadama tana tsare maka dukiya tana da hakki a kanka.

Abin da ya fi riƙe ni a shagon shi ne rigakafin haukan kare. Allurar tana son sanyi, tsakanin digiri 2 zuwa 8, ga wutarmu yadda take, ga zafin Argungu a watan Afrilu. Likita yana da ƙaramin firij mai aiki da hasken rana, kuma a gabanka zai ciro kwalbar ya nuna maka ranar lalacewarta. Wadda ya fi kawowa ta cibiyar binciken cututtukan dabbobi ce da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924. Yana fara yi wa kare tun yana wata uku, a maimaita duk shekara, ya rubuta maka a kati. Duk wanda ya zauna a bencin sai ya ji karatunsa: in kare ya ciji mutum a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a wuce asibiti ranar, domin in alamun ciwon suka bayyana kusan ba a tashi. Shi ne kuma ya raba mu da shafa wa kare baƙin mai in yana ƙazwa, da fesa masa fiya-fiya don kaska. Baba ya taɓa rasa kare biyu ta wannan hanyar tun kafin ya san shagon.

Amma akwai inda nake da ƙorafi, kuma na faɗa wa Likita ido da ido. Shi kaɗai ne, in Fulani suka kira shi ruga sai ka tarar da kwaɗo a ƙofa, wayarsa kuma ba ta shiga. Rigakafin yakan ƙare, bara sai da na yi sawu uku. Wanda ya fi damuna shi ne ba shi da wurin keɓe marar lafiya. Fabo ta kashi yake yaɗuwa, kuma ƙwayar tana daɗewa a ƙasa, amma inda aka kwantar da mai gudawa da safe nan za a ajiye lafiyayyen kwikwiyo da rana. Yana wankewa da bilic, na gani, sai dai simintin ya farfashe. Wanda zai kai ƙaramin da ba a yi wa allura ba, ya riƙe shi a hannu ko ya bar shi cikin kwalinsa. Kuɗi kam sun tashi kamar na komai, ba ya ragi sosai, amma bai taɓa sayar mini da abin da ba na bukata ba.

Yanzu idanun Baba sun yi rauni, ya daina hawa babur. Katunan karnukansa suna hannuna tare da na Sarkin Dare, kuma wata mai zuwa ne lokacin allurarsu. Mun shirya da malamin zai samo a-kori-kura, mu biya Gulma da sassafe mu ɗauko shi da su, don ya ce ba za a yi wa karnukansa allura yana gida ba.