Kunshin kayan wasan firamare na shagunan Terminus: igiya da kon sun biya kuɗinsu, ƙwallon bai biya ba

Duk hedimastan da ya shiga shagunan kayan wasanni na kewayen Terminus da titin Ahmadu Bello a Jos, ya ce yana neman kayan darasin motsa jiki, kusan abu ɗaya za a ɗura masa a jakar raga: ƙwallon ƙafa biyu, igiyoyin tsalle kamar goma, robobin sa alama da 'yan ƙwallo ke kira kon, zoben juya kugu, 'yan falmaran masu launi biyu, famfo da usur. A ofis kunshin gwanin kyau. A fili kuwa, gaban aji mai yara 48, rabinsa ne kawai ke aiki.

Matsalar farko ƙwallon ne, kuma shi ya fi cin kuɗi. Galibi lamba 5 ake sakawa, wato na manya, mai kewaye santimita 68 zuwa 70 da nauyin giram 410 zuwa 450. Ɗan aji biyu ba zai iya bugunsa da gefen ƙafa ba, sai ya koma tokari da babban yatsa, ɗabi'ar da ke da wuyar gyarawa daga baya. 'Yan aji 1 zuwa 3 lamba 3 suke buƙata, 'yan aji 4 zuwa 6 kuma lamba 4. Sai fatar. Ƙwallon nan mai sheƙi na ɗinkin inji an yi shi ne don ciyawa, filayen makarantunmu kuwa jar ƙasa ce da tsakuwa. Tsakuwar tana cinye zaren, ɗinkin ya buɗe, biladar, wato robar ciki mai riƙe iska, ta leƙo kamar kumburi. Sanyin Disamba da Janairu na Jos ya ƙara busar da robar ta tsattsage. Ƙwallon roba zalla, wanda ba ɗinki a jikinsa, ba shi da kyan gani amma ya fi jure wannan ƙasa nesa ba kusa ba. A ce wa mai shago ya musanya.

Sau da yawa ma ba filin ke kashe ƙwallo ba, famfo ne. Idan aka cusa allura a bushe, ko aka cusa ta a karkace, tana yaga bakin bawul, daga nan iska ta dinga zurarewa cikin dare. A jiƙa allurar da ruwan sabulu, a shigar da ita a miƙe, a tsaya a ma'aunin da aka rubuta kusa da bawul ɗin. Allurar da ke zuwa da famfon kunshin siririya ce mai saurin lanƙwashewa, don haka a sayi uku a ajiye. Kuma kada a sa ƙananan yara atisayen buga ƙwallo da ka. Hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila ta hana hakan a horon 'yan firamare tun 2020.

Ko da ƙwallon na kirki ne, biyu ba sa isar aji. A yi lissafi: darasi minti 35, a cire goma na fita da ɗumama jiki, saura 25. Yara 24 a layi bayan kowane ƙwallo, kowa na ɗaukar daƙiƙa 20, layin zai zagayo a minti takwas. Ke nan kowane yaro ya taɓa ƙwallo sau uku, minti ɗaya cur, sauran lokacin yana tsaye yana tsokanar na gabansa. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa minti 60 na motsa jiki a rana ta ba da shawara ga masu shekara 5 zuwa 17.

A nan igiya da kon suke nuna amfaninsu. Da su ake raba ajin gida shida, yara takwas-takwas, kowace tasha minti huɗu, a hura usur su sauya. Kon masu faɗi kamar faifai sun fi dogaye masu tsini: yaro ya taka su lotse su dawo, dogayen kuwa fashewa suke yi su bar kaifi, iskar hunturu kuma ta kwashe su. Kon ashirin sun yi kaɗan, a nemi arba'in. A rubuta lamba a cikin kowanne da alƙalamin maka, sai darasin lissafi ya fito waje. Malama ta ce “bakwai sau shida”, wakilin kowane rukuni ya ruga ya nemo 42. Haka ake yi da haruffa ga 'yan aji ɗaya, ko a zana 'yar gala-gala da alli a baranda, a sa ba, bi, bu a gidajen, yaro ya faɗi gaɓar da ya dira a kai. Wanda ke gyangyaɗi a benci bayan tara, nan za ka ga ya farka.

Igiyoyin suna da kyau, sai dai tsawonsu ɗaya ne, na manya. Gwajin mai sauƙi ne: yaro ya taka tsakiyar igiyar da ƙafa ɗaya ya ja hannayen sama, su tsaya daidai hammatarsa. In ta wuce, a ƙulla ta kusa da mariƙin. Mariƙin robar ne ke fara karyewa, amma igiya ba ta mutu don mariƙi ya tafi. Wanda ke son ƙari ya sayi nadin igiyar nailan mai kaurin milimita 8 wajen masu kayan gini, ya yanka mita biyu da ɗan ɗori, ya ƙona bakin da ashana don kada ya warware. A yanka biyu masu mita biyar na tsallen taro, 'yan mata sun san waƙoƙin da ke tafiya da shi.

Zoben juya kugu asarar kuɗi ne. Bututu ne marar kauri da aka haɗa da ƙusar stefula, rana ta gasa shi, ya rabu a mahaɗar cikin zango guda. Kuɗinsa gara a kai wa tela ya ɗinka 'yan jakunkuna talatin, faɗin tafin hannu, a zuba yashin da aka tankaɗe, ɗinki biyu a baki. Da su ake koyon jifa da cafewa da tafiya da kaya a ka, ba sa gangarewa cikin kwata. Falmaran ɗin ma manya ne, suna zamewa daga kafaɗar yaro. Rigunan gwanjo masu launi ɗaya daga kasuwar Katako sun fi su zama a jiki.

Abin da kunshin ya rasa gaba ɗaya shi ne akwatin taimakon gaggawa, alhali a filin tsakuwa gwiwa sai ta goge. Auduga, bandeji, filasta, maganin wanke ciwo da safar hannu, a haɗa su a sayi rana ɗaya da kayan. Langa kuwa, da ba ta buƙatar ko sisi, ta isa tasha guda cikin shidan, in dai an share duwatsun wurin tukuna.

Jakar ragar a riƙe ta, tana barin kaya su sha iska bayan ruwan Agusta. A rataye ta a ƙusa cikin sito, nesa da taga da kwanon rufi, a liƙa takardar ƙidaya a ƙofa, ɗalibai biyu su ƙirga kon da igiya kafin a koma aji. Kafin dogon hutu a rage wa ƙwallaye iska kaɗan.