Asibitin haƙorin da muka kai ɗan yayata a Birnin Kebbi

Yaron shekararsa 6 amma haƙoransa huɗu ne kacal, su ma masu tsini kamar ƙusa, ga shi ba ya gumi sam, in zafin watan Afrilu ya taso sai dai mu riƙa jiƙa masa riga da ruwan randa. Likitan nan ce ta fara gaya mana sunan abin, wai ektodamal disfilashiya, ciwon gado ne, galibi ta wajen uwa yake bi kuma ya fi kama maza, mu da muke ta cewa ko sammu ne.

Gaskiya matar ta iya aiki. Ta yi masa hoton baki, ta nuna mana inda babu ƙwayar haƙori kwata-kwata, ta auna dasashinsa aka haɗa masa haƙoran roba, ta ce za a riƙa canzawa tunda muƙamuƙinsa na girma, dashen haƙori na dindindin da ƙarfe kuwa sai yaron ya gama girma. "Hajiya, ki riƙa ba shi ruwa a kai a kai, yawunsa kaɗan ne."

Inda suka ɓata min rai ɗakin jira, ba fanka, nefa ta ɗauke, janareto shiru, yaron da ba ya gumi! Awa biyu muna yi masa fifita da kwali.

Jiya dai ya yagi tsire da kansa.