Baƙin baki ko na ruwan gwal: wanne ya fi a injin huda?

'Yan uwanmu masu aikin tagogin alminiyam da walda a Sana'iyya, unguwar masu sana'o'i ta Jidda, sun sha tambayata: bakin injin huda mai baƙin rufin DLC za su saya, ko mai ruwan gwal na TiN?

Rufin duka biyun siriri ne, 'yan maikiron kaɗan, bai kai kaurin gashi ba. DLC kabon ne mai kama da lu'ulu'u a tauri. Masana kimiyya biyu, Aisenberg da Chabot, suka fara bayyana shi a 1971. TiN kuwa haɗin taitaniyam ne da naitirojin.

A santsi DLC ya yi gaba. Alminiyam yana da ɗabi'ar manne wa baki, ya toshe shi, ramin ya fito da kaushi. A kan DLC ba ya samun wurin kamawa. Sai dai zafi ne lagon DLC: daga wajen digiri 350 a ma'aunin Celsius yake fara lalacewa, kuma ƙarfe mai zafi yana shanye kabon ɗin. TiN yana jure kusan digiri 600.

A kuɗi TiN ya fi araha, ya kuma fi samuwa. A kula, ba kowane baƙi ne DLC ba, wani rini ne kawai, a duba kwalin.

Mai huda alminiyam, tagulla ko roba kullum, DLC zai biya shi. Mai ƙofofin ƙarfe, ko wanda aikinsa gauraye ne kuma riyal ɗinsa a ƙirge yake, ya riƙe TiN.